Idan wani a guruf ɗinku ya ce ya gaji da rayuwa: abin da za ka yi, mataki-mataki

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To a guruf ɗin WhatsApp ko shafin Facebook babu fuskar da za a tambaya, sai rubutu da saƙon murya da hoton da mutum ya ga dama ya saka. Amma a can ɗin ne matasa da yawa ke fara furta abin da bakinsu ba zai iya faɗa wa iyayensu ba. Yarinyar da ta gaishe da kowa a gida da fara'a ita ce ke rubuta "na gaji" a sitatus da ƙarfe biyun dare, kuma wanda zai gani a wannan lokacin ɗan ajinsu ne, ko abokiyar sana'arta, ko admin ɗin da bai taɓa ganinta ido da ido ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma abin na cikin manyan dalilan mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. Masu cewa matsalar Turawa ce suna faɗar haka ne don a wajenmu ana rufewa, a sanar da rasuwa "bayan gajeriyar rashin lafiya". Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Saƙonnin WhatsApp kuma a kulle suke, kamfanin kansa ba ya karanta su, don haka babu wata na'ura da za ta hango haɗari a guruf ɗinku. Ku da ke ciki ne kaɗai kuka gani.

Ba a ɗora maka warkar da kowa ba. Abin da ake so daga gare ka abu uku ne: wani mutum ya isa wurinsa a zahiri, a raba shi da abin da zai cutar da kansa da shi, a sada shi da masu magani. In kuma kai ne ke cikin wannan hali, ka kira mutum ɗaya da ka yarda da shi yanzu, ka ce masa ya zo ya zauna da kai, kada ka bari sai gari ya waye.

Mataki na 1: Ka bambance tunatarwa da bankwana

Nan ne wurin ya fi wuya a wajenmu, domin mu mutane ne masu yawan ambaton mutuwa. Kullum akwai mai saka hoton makara ko likkafani don tunatarwa. Idan azumi ya ƙarato ko maniyyata za su tashi, saƙon "duk wanda na ɓata wa ya yafe min" kan cika kowane guruf. Wannan bai isa tayar da hankali ba. Abin lura shi ne neman yafiyar da ya zo ba a lokacinsa ba, daga wanda ba halinsa ba ne, kuma bayan wani abu ya same shi: saki, fasa aure, faɗuwa jarrabawa, kora daga aiki, karayar jari, bashin da ya yi masa katutu, ko tonon asiri.

Akwai maganganun da bai kamata a wuce su ba. "Na zame wa kowa kaya." "In babu ni kowa ya huta." "Ni kam ban ga mafita ba." "Ku kula min da Umma." Biyun da suka fi nauyi su ne jin cewa mutum ya zama kaya a kan 'yan'uwansa, da jin cewa duk ƙofofi sun rufe.

Wani kuma ba zai ce komai ba, sai dai ka ga aiki. Ya miƙa wa wani matsayin admin na guruf ɗin da shi ya kafa. Yana fita daga gurufuka ɗaya bayan ɗaya, yana goge hotunansa, ya mayar da hoton fuskarsa baƙi. Ya turo maka naira 500 da ka ranta masa tun bara har ka manta. Ya tura wa amininsa lambar sirrin asusunsa ta banki "ko da wani abu zai faru". Mutumin da ya yi makonni cikin ƙunci, sai rana ɗaya ka ga ya natsu yana yi wa kowa godiya ba tare da matsalarsa ta warware ba, kada ka yi saurin cewa alhamdulillahi ya warke. Wani lokaci natsuwar wanda ya gama yanke shawara ce.

Ka ƙara sa ido idan ka san ya taɓa yunƙurin kashe kansa, domin wannan ya fi kowane abu nuna haɗari. Haka mai shan tiramadol ko kodin ko giya, da mai jegon da damuwa ta rufe bayan haihuwa, da mai fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da wanda wani nasa ya mutu ta wannan hanya.

Za ka ji ana cewa "ai mai yi ba ya faɗa, neman suna ne kawai". Ba gaskiya ba ne, da yawa sukan faɗa, kai tsaye ko a fakaice. In ma ka ɗauka da gaske ya zamana ba haka ba ne, katin waya ka yi asara.

Mataki na 2: Ka janye maganar daga bainar jama'a

Kada ka amsa a cikin guruf, kada ka yi sharhi a ƙarƙashin rubutun. Mutum ba zai buɗe cikinsa a gaban mutum 300 ba. Ka bi shi ta keɓe, in da hali ka kira, domin murya na gaya maka abin da rubutu ke ɓoyewa: ko yana kuka, ko harshensa ya yi nauyi kamar wanda ya sha wani abu, ko akwai hayaniyar mutane kusa da shi. In bai ɗauka ba, ka aika gajeren saƙo ka sake kira. Kafin nan ka ɗauki hoton rubutun ka ajiye a wayarka kai kaɗai, don sitatus na ɓacewa bayan awa 24 kuma mai shi na iya gogewa. Za ka buƙace shi idan za ka nuna wa ɗan'uwansa ko likita.

Idan mace ce kai kuma namiji ne, ka yi maganar farko don kada lokaci ya ƙure, sannan ka nemo macen da ta yarda da ita ta karɓa. Kiran dare daga baƙon namiji na iya jawo wa matar aure ko budurwa wata fitinar a gida, a kan wadda take ciki.

Mataki na 3: Ka yi tambayar da sunanta

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutane na tsoron cewa idan suka ambaci kashe kai za su saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. An bincika wannan. A 2014 masana a King's College da ke Landan sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kai, ba su ga tambayar na ƙara tunanin ba, a wasu wuraren ma ragewa take yi. Mai wannan tunani ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai, jin wani ya furta ba tare da firgita ba sauƙi ne a gare shi.

Ga yadda maganar kan iya tafiya tsakanin admin ɗin guruf ɗin mata masu sana'a da wata yarinya a cikinsu:

"Ƙanwata, na ga abin da kika saka, hankalina bai kwanta ba. Me ke faruwa?"

"Ba komai Anti, na gaji ne kawai."

"Gajiyar jiki, ko gajiya da rayuwar gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

"Zan tambaye ki wani abu, kuma ko me kika ce ba zan yi miki faɗa ba. Kina tunanin kashe kanki ne?"

"Wani lokacin. Yau ya fi yawa."

"Na ji daɗi da kika gaya min. Ina nan, ba zan ajiye wayar ba. Faɗa min abin da ya faru yau."

Ka lura Anti ba ta ce "ba dai wani shirme kike shirin yi ba ko?" Irin wannan tambayar ta riga ta gaya wa yarinya amsar da ake so, sai ta ce a'a, magana ta mutu. Bayan tambayar kuma sai saurare. Ka bar shi ya yi magana ko da minti ashirin ne, ko da ya yi shiru a tsakiya. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga matsala, kada ka ce ya dubi 'yan gudun hijira, kada ka kawo labarin taka wahalar.

Sai batun wa'azi, wanda a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Da zarar mutum ya furta, sai a rufe shi da "ka ji tsoron Allah, wuta za ka shiga". Ya sani. Tun yana Islamiyya ya san haramun ne, kuma sanin ne ya sa ya ɓoye tsawon wannan lokaci, yana ganin kansa a matsayin mafi lalacewar bayi. In ka ƙara masa tsoro a kan kunya, gobe ba zai sake gaya maka ba. Addini garkuwa ce ta gaske ga mutane da yawa, amma a ganina lokacinsa bayan an saurara ne, kuma ta ƙofar rahama. Ayar da ta hana kashe kai a Suratun Nisa'i, aya ta 29, da ambaton jin ƙan Allah ta ƙare. Ga Kirista kuma akwai labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19: da ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa wata magana.

Mataki na 4: Ka auna gaggawar

Idan ya ce e, akwai tambayoyi kaɗan da za ka yi a natse. Ya shirya yadda zai yi? Abin yana kusa da shi? Ya sa lokaci? Ya taɓa gwadawa? Ya riga ya sha ko ya yi wa kansa wani abu yanzu? Shi kaɗai ne a ɗaki?

Wanda tunanin ke zo masa ya wuce, babu shiri, yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya cikin 'yan kwanaki da kuma wani a gida da ya sani. Wanda ke da shiri kuma abin na hannunsa, wannan na yau ne, ba za a bar shi shi kaɗai ba ko na awa ɗaya. Wanda ya riga ya sha wani abu kuwa, babu sauran hira, asibiti mafi kusa za a nufa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai; abin na iya sarƙe shi ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a cire masa kayan da maganin ya zuba a kai, a tafi da kwalbar ko kwalin don likita ya san abin da zai yi yaƙi da shi. Ko ya ce ya ji sauƙi a kai shi, domin wasu magungunan sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke nuna ɓarnarsu a hanta.

Lambar gaggawa a Najeriya da Ghana 112 ce, a Nijar 18 ta 'yan kwana-kwana, 17 ta 'yan sanda. Ka kira, amma kada ka zauna jiran mota. A yawancin garuruwanmu maƙwabci mai adaidaita sahu ko mashin zai riga ta isa.

Mataki na 5: Ka sa wani ya isa ƙofar ɗakinsa

Duk daɗin bakinka, kana Kaduna yana Gusau, ba za ka iya karɓe komai daga hannunsa ba. Ka tambaye shi da kansa: "Wa ka fi yarda da shi a kusa da kai? Mu kira shi tare." In shi ya zaɓa, zai fi ba da haɗin kai. Kada ka ɗauka cewa uba ko miji ne ya dace kai tsaye. Wani lokaci su ne tushen damuwar, kamar a batun auren dole ko duka. Goggo, yayar uwa, babban wa, abokin ɗaki a makaranta, malamar Islamiyya, duk suna iya fi.

Zai ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba. Kada ka rantse. Ka ce masa: "Sirrinka ba zai shiga guruf ba, ba zan yaɗa ba. Amma ranka ya fi min fushinka, dole mutum ɗaya na kusa da kai ya sani." Idan ya ƙi kuma haɗarin na yanzu ne, ka kira ko bai yarda ba. Wanda ka kira kuma ka gaya masa a fili, kada ka ce "ka ɗan leƙa shi". Ka ce: "Yaya, ƙaninka ya gaya min yana tunanin kashe kansa a daren nan. Don Allah ka je yanzu, kada ka yi masa faɗa, ka zauna da shi."

In ba ka san inda yake ba, ka roƙe shi ya turo wurin da yake ta WhatsApp, akwai zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. In ya ƙi, ka tambayi wanda ya saka shi a guruf ɗin, ka duba abokansa na Facebook masu sunan gidansu ɗaya, ka duba makaranta ko unguwar da ya taɓa ambata. Ana iya yin wannan da mutum biyu: ɗaya na riƙe da shi a waya, ɗaya na nema. A Facebook da Instagram da TikTok akwai wurin kai rahoton rubutun da ke nuna mutum zai cutar da kansa, ka danna, sai dai kada ka dogara da shi, galibi saƙon shawara da lambobi kawai za su tura masa.

Mataki na 6: A kawar da abin daga gidan

Mutane kan ce wanda ya yi niyya zai samu wata hanyar. Abin da aka gani ya saɓa wa haka. Matsanancin halin kamar zazzaɓin dare yake, yana hawa yana sauka, sau da yawa cikin mintuna ko 'yan awanni. A 1978 wani masani a Amurka, Richard Seiden, ya bi sawun mutum 515 da aka tare suna shirin kashe kansu a gadar Golden Gate ta birnin San Francisco, ya tarar bayan shekaru fiye da ashirin sama da kashi 90 cikin 100 suna raye ko sun yi mutuwar Allah da Annabi. A Siri Lanka kuma, da gwamnati ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne, mafi yawa a yankunan noma irin namu. Shi ya sa a 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta taƙaita sayar da wasu daga cikinsu a kasuwanni.

Saboda haka wanda ya isa gidan ya tattara maganin feshi na gona, maganin sauro na kwalba, maganin ɓera, ragowar ƙwayoyin asibiti da duk wani makami, ya kai gidan maƙwabci ko ya kulle ya riƙe makullin. In mutumin na shan magani kullum, wani ya riƙe ya riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya.

Mataki na 7: Abin da admin zai yi a cikin guruf

Idan a guruf aka yi maganar, kafin ka farga an fara: mai dariya, mai wa'azi, mai cewa "in ka isa ka yi". Ka rufe guruf na ɗan lokaci yadda admin kaɗai ke iya rubutu, ka goge maganganun izgili, da duk wanda ya ambaci hanya ko sunan magani. Ka rubuta layi biyu: an ji, ana tare da shi, don Allah kada kowa ya tura hoton maganar wani wuri. Shi kuma kada ka cire shi daga guruf da sunan kare sauran. Mai yiwuwa nan ne kaɗai wurin da ya rage yana jin ana sane da shi.

Mai cewa "in ka isa ka yi" a yi masa magana ta keɓe da kakkausar murya. Ingiza mutum ya kashe kansa laifi ne a dokar Najeriya, ko ta waya aka yi.

Mataki na 8: Asibiti, malam, da tsoron hukuma

A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos. A Yamai babban asibitin ƙasa na da sashensa, a Ghana akwai asibitin Pantang da na Accra, da Komfo Anokye a Kumasi. In duk sun yi nisa, a fara da babban asibitin da ke kusa. Kalmar "asibitin mahaukata" ita ke korar mutane, ka guje ta. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani, mafi yawan masu zuwa ana duba su ne su koma gida a ranar. A sani kuma maganin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, don haka makonnin farko na buƙatar sa ido sosai. Ƙungiyoyi irin su SURPIN, da aka kafa a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, da MANI da She Writes Woman suna da layukan da ake kira a yi magana da mai ba da shawara.

Iyaye da yawa za su ce aljanu ne ko sammu, a kai shi wurin ruƙiyya. Kada ka tsaya musu da su a daren. Ka ce a haɗa biyun, addu'a na tafiya, likita na dubawa, tunda hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ɗauri da mari da duka da sunan magani.

Akwai kuma tsoron 'yan sanda, kuma yana da tushe. Sashe na 231 na kundin Penal Code da aka yi wa Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, a Kudu kuma sashe na 327 na Criminal Code. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Najeriya ma ta bayyana aniyar ganin an soke. A ganina doka ce da ba ta hana komai sai zuwa asibiti. Faɗar cewa kana da tunanin ba laifi ba ne, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A nufi asibiti, ba ofishin 'yan sanda ba.

Mataki na 9: Idan daga wayar matsalar ta fito

Abu biyu sun fi yawa yanzu. Na farko manhajojin bashi, masu kwashe lambobin wayar mutum su tura wa surukansa da maigidansa cewa ɓarawo ne. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya a Najeriya na farautar irinsu tun 2022 kuma tana karɓar ƙorafi. Abin da ke rage zafin nan take shi ne a riga su: ka taimaka masa ya rubuta gajeren saƙo ga mutanensa cewa ya ci bashi, ana masa barazana, su yi watsi da abin da za a turo.

Na biyu barazana da hoton tsiraici. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da cewa ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a. Wanda aka yi wa wannan barazana yana ganin gobe duniya za ta tashi a kansa, kuma cikin 'yan awanni yake iya yanke mummunar shawara. Ka gaya masa shi aka zalunta. Kada ya biya, biya ba ya ƙarar da su. Ya ajiye hujja, ya toshe su, a kai rahoto ga manhajar da kuma cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda. Shafin StopNCII ga manya, da Take It Down ga 'yan ƙasa da shekara 18, suna taimakawa wajen hana hoton hawa manyan dandali ba tare da hoton ya bar wayar mai shi ba.

Mataki na 10: Bayan gari ya waye

A nan ake yawan sakin mutum. An yi rububi dare ɗaya, bayan kwana uku kowa ya koma harkarsa, alhali makonnin da ke biyo baya, musamman bayan sallama daga asibiti, suna da haɗari ƙwarai. Ku zauna ku rubuta takarda ɗaya da kalmominsa: alamun da ke nuna masa abin na dawowa, abin da zai yi da kansa ya ɗauke hankali, wuraren da zai je ya zauna cikin mutane, mutum biyu ko uku da zai kira, asibiti da lambar da zai nema, da yadda za a kawar da abubuwan haɗari. Wasu masana a Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, ne suka tsara wannan hanya, kuma a binciken da aka buga a 2018 kan tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda aka yi wa ita tare da bibiya ta waya sun samu raguwar yunƙuri da kashi 45 cikin 100 a wata shida. Ya ɗauki hotonta ya ajiye a waya.

Bibiyar ba sai ta yi tsawo ba. A San Francisco wani likita, Jerome Motto, ya riƙa aika gajerun wasiƙun gaisuwa ga rabin marasa lafiya 843 da suka ƙi ci gaba da magani, kuma a shekaru biyun farko kashe kai ya fi ƙaranci a cikin waɗanda ke samun wasiƙar. "Ƙanina, ka faɗo min a rai, ya jiki?" ya wadatar, ko bai amsa ba. Ku raba kwanakin tsakanin mutum uku ko huɗu, don mutum ɗaya ba zai jure kiran dare na wata biyu ba. Kai ma ka samu wanda za ka gaya wa abin da ka ji.

Wani lokaci za ka haɗu da saurayin da ke ce wa yarinya in ta rabu da shi zai kashe kansa. A ɗauki maganar da gaske, a sanar da 'yan'uwansa su kula da shi, amma ita ba a tilasta mata zama. Nauyin na danginsa ne da likita.

Mataki na 11: Idan an rasa shi

Yana faruwa ko an yi duk abin da ya dace. A lokacin, hankalin admin ya koma kan waɗanda suka rage, domin abin na yaɗuwa. Tun 1974 wani masani a Amurka, David Phillips, ya nuna cewa kashe kai na ƙaruwa bayan jaridu sun kururuta labarin wani, kuma a Biyana ta ƙasar Ostiriya, da jaridu suka sauya yadda suke ba da labarin a 1987, abin ya ragu da fiye da rabi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin watanni. Kada a saka hoton gawa ko na wurin, kada a faɗi hanyar, kada a yaɗa saƙonsa na ƙarshe, kada a ce "saboda budurwa ne" ko "saboda jarrabawa ne" kamar abu ɗaya ke kai mutum nan. Kada kuma a bari guruf ya zama kotun yanke masa makoma, ƙannensa na karantawa. Jumhurun malamai sun tafi a kan ana yi masa wanka da salla, kuma a Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa, Manzon Allah (SAW) ya roƙa masa gafara. A yi ta'aziyya yadda aka saba, sannan a bi aminansa na kusa ɗaya-ɗaya ta keɓe, musamman wanda ya yi magana da shi na ƙarshe, a yi musu tambayar mataki na 3.

Shirin da za a yi tun babu abin da ya faru

Kowane babban guruf ya samu admin namiji da mace da aka san ana iya kiransu. A guruf na makaranta ko na sana'a, ba laifi a nemi kowa ya ba admin garin da yake da lambar wani ɗan'uwansa, in ya yarda. A saka a bayanin guruf sunan asibiti mafi kusa da lambobin taimako, da doka ɗaya a rubuce: ba a izgili ga wanda ya faɗi damuwarsa, ba a tura maganarsa waje. Lambobin kuma admin ya kira su da kansa kafin ya saka, ya tambaya ko akwai mai jin Hausa da kuma awannin da suke ɗauka, ya sake gwadawa duk bayan wata uku, domin layuka na daina aiki ba tare da sanarwa ba.